Kayan Caina: Tsakanin Faɗin Gaskiya Da Yi Wa Al'umma Kuɗin Goro

Ina so a wannan fitowa mu tattauna a kan wata 'yar kalma da ba ta barin bakinmu. Idan fitila ta mutu kwana uku da saye, ko atamfa ta zuba a wankin farko, abin da za ki ji shi ne, "Ai 'yar Caina ce." Daga nan sai wata ta ɗora, "Su dama mutanen nan ba su iya komai ba sai kwaikwayo, ha'inci a jininsu yake." Kowa ta yi dariya, a wuce.

Wannan magana ba a tsakar gidajenmu kaɗai ake yin ta ba. Shekara da shekaru ke nan ana tafka muhawara a kanta tsakanin masana da 'yan kasuwa da 'yan siyasa a Amurka da Turai da ita kanta ƙasar Sin. Wasu na cewa Sinawa satar fasaha suka yi har suka kai inda suke, kuma al'adarsu ce ta ɗaure wa satar gindi. Wasu na cewa faɗin haka wariyar launin fata ce tsagwaronta. Sai na farkon su ce, to yanzu ba dama a soki al'adar wasu ke nan sai a ce mutum yana wariya? Tambayar ta shafe mu, domin mu ne masu cefane da sayen sutura da haɗa kayan ɗaki, kuma a bakinmu yara ke koyon yadda ake maganar mutanen da ba su taɓa gani ba.

Idan gaskiya ce a faɗe ta

Kada mu fara da kare kowa. Satar fasaha da jabu sun faru, kuma sun cutar da mutane. Su kansu Sinawa suna da kalmar da suke kiran kayan kwaikwayo da ita, wato "shanzhai", kuma a shekarun 2000 birnin Shenzhen ya yi suna wajen ƙera wayoyin hannu masu kama da na manyan kamfanoni. A watan Janairu na 2018 wata kotu a Amurka ta kama kamfanin Sinovel mai ƙera injinan lantarki na iska da laifin sace sirrin fasahar wani kamfanin Amurka mai suna AMSC. Mafi muni shi ne abin da ya faru a 2008, lokacin da aka gano an yi algus a madarar jarirai da sinadarin melamin don ta nuna kamar tana da gina jiki. Jarirai wajen 300,000 suka kamu da ciwo, aƙalla shida suka rasu.

Mu ma a nan mun ɗanɗana. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 da sauran masaƙun da suka biyo bayanta sun ciyar da dubban gidaje, yau akasarinsu kufai ne. Babbar cikinsu, UNTL, ta rufe ƙofa a 2007. Dalilan durƙushewarsu suna da yawa, akwai rashin wutar lantarki da tsadar mai da tsufan injina da fasa-ƙwauri, amma duk mai shiga Kantin Kwari ta san cewa atamfofi masu araha da aka kwafi zanensu, wani lokacin har da tambarin masu shi, suna cikin abin da ya ƙarasa su. Wanda ya faɗi wannan bai yi wariya ba, labarin abin da ya faru ya bayar.

Addininmu kuwa bai bar mu cikin duhu ba. Suratul Muɗaffifina ta buɗe ne da narkon azaba ga masu tauye mudu, kuma a hadisin da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya tura hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya nuna cewa mai algus ba ya tare da mu. Ko batun haƙƙin mai ƙirƙira malamai sun yi magana a kai. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, bai halatta a yi ta'adi a kanta ba.

Kwaikwayo daban, ha'inci daban

Sai dai akwai abu biyu da muke cakuɗawa. Yarinyar da ta zauna kusa da uwarta tana kallon yadda ake tuƙa tuwo kwaikwayo take yi. Telar da ta warware tsohuwar riga don ta gane yadda aka yanka ta, ita ma haka. Da koyo akan iya, in ji Hausawa. Ha'inci yana shigowa ne idan aka karya alkawari, ko aka ɗauki abin da mai shi ya killace, ko aka liƙa sunan wani a kan kayan da ba nasa ba don a yaudari mai saye.

Idan da ɗaukar hikimar wasu aibi ne, da Annabi (SAW) bai karɓi shawarar Salmanul Farisi ba a shekara ta 5 bayan Hijira, da ya kawo dabarar Farisawa ta haƙa gwalalo a kare Madina. Sayyidina Umar (RA) ma ya ɗauki tsarin diwani, wato rajistar sojoji da rabon albashi, daga tsarin mulkin da ya tarar a wajen wasu al'ummai. Maganar nan da ta shahara ta neman ilimi ko da a birnin Sin, malaman hadisi sun ce ba ta inganta daga Annabi (SAW) ba, amma yawan yawonta a bakin Musulmi ya nuna irin kallon da magabata suke yi wa wannan ƙasa.

Suna kuwa da dalili. Takardar da ake rubuta Alƙur'ani a kanta daga Sin ta samo asali. A shekara ta 105 Miladiyya wani ma'aikacin fada mai suna Cai Lun ya gabatar wa sarkinsu da hanyar yin ta. Masu tarihi suna ruwaito cewa bayan yaƙin Talas na shekarar 751 sana'ar ta bunƙasa a Samarkand, kafin ƙarshen wannan ƙarni kuma ana yin takarda a Bagadaza, daga hannun Musulmi ta ƙetara zuwa Turai. Albarushi da allurar nuna alƙibla da buga littafi duk an san su a Sin tun kafin Turawa. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya zaga duniya a ƙarni na 14 har ya zo ƙasar Mali, ya yaba wa Sinawa ƙwarai a kan gwanintar sana'ar hannu.

To su waye ba su yi kwaikwayo ba? Turawa sun daɗe suna wahalar gano sirrin tangaran na Sin kafin a kafa masana'antar Meissen a Jamus a 1710. A 1848 kamfanin Ingila mai mulkin Indiya ya aika wani masanin tsirrai, Robert Fortune, ya shiga cikin ƙasar Sin da shigar Sinawa, ya kwaso irin shayi da sirrin sarrafa shi zuwa Indiya. A 1789 wani saurayi Samuel Slater ya haddace fasalin injin kaɗi na Ingila, a lokacin da doka ta hana fitar da shi, ya sulale zuwa Amurka ya gina irinsa. Amurkar nan ba ta fara kare haƙƙin marubutan ƙasashen waje ba sai 1891, kafin nan littattafan Ingila sau da yawa bugawa kawai ake yi ba a biyan masu su ko sisi. A 1887 Ingila ta yi dokar tilasta rubuta ƙasar da aka ƙera kaya, musamman don a gane kayan Jamus, saboda a lokacin kallon jabu ake yi musu. Yau wa zai ce kayan Jamus jabu ne? Japan ma an yi mata wannan gorin bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kafin motocinta su cika titunanmu.

Wani abin da zai ba ki mamaki, 'yar uwa, ita kanta atamfa Holan da muke kira gangariya, muke sa ta a lefe don fita kunya, asalinta kwaikwayo ce. Kamfanin da ya zama Vlisco ya faro a garin Helmond a 1846, kuma abin da ya shahara da shi shi ne kwaikwayon rinin batik na mutanen tsibirin Jawa a Indunusiya da inji. Kayan ba su samu karɓuwa yadda ake so a can ba, sai kasuwarsu ta buɗe a Afirka ta Yamma.

Wannan duk bai halatta sata ba, don laifin Bature na jiya ba ya wanke laifin Basine na yau. Abin da tarihin ke nuna mana shi ne, kusan duk ƙasar da ta taso daga baya ta bi ta wannan hanya, fara ce ko rawaya, kuma ta fara tsaurara doka ne a lokacin da ta samu abin kanta da take tsoron a sace. Sin ta yi dokar haƙƙin ƙirƙira a 1984, ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, ta kafa kotuna na musamman kan wannan haƙƙi a biranen Beijing da Shanghai da Guangzhou a 2014. Abin da ke canzawa da doka da arziki cikin shekara talatin, ba a jini yake ba.

Wai ba su iya ƙirƙira ba

Duk uwar da ta taɓa raya dare a kan yaro mai zazzaɓin cizon sauro ya kamata ta san sunan Tu Youyou. Mace ce Basiniya da aka ɗora wa jagorancin wata tawagar bincike a 1969, lokacin da tsofaffin magungunan zazzaɓi suka fara gazawa. Ita da abokan aikinta sun bi tsofaffin littattafan maganin gargajiya, har ta ga inda wani likita na ƙarni na 4, Ge Hong, ya ambaci jiƙa wani ganye ɗan uwan tazargade a ruwa ba tare da dafawa ba. Daga nan ta gane cewa zafi ne ke kashe ƙarfin maganin, ta sauya hanyar tatsarsa. A 1972 suka fitar da sinadarin artemisinin, wanda shi ne ginshiƙin magungunan zazzaɓin da ake ba mu a asibiti yau. An ba ta lambar Nobel a 2015. Daga wa ta kwafa?

A watan Janairu na 2019 kumbon Chang'e 4 ya sauka a bayan wata, ɓangaren da ba ya fuskantar duniya, abin da babu ƙasar da ta taɓa yi, a 2024 kuma Chang'e 6 ya ɗebo ƙasar wurin ya dawo da ita. A 2019 ɗin dai Sin ta wuce Amurka a yawan neman rajistar ƙirƙira ta ƙasa da ƙasa. Jirgin ƙasa mai gudun tsiya kuwa labarinsa ya haɗa duka biyun: sun sayi fasahar daga kamfanonin Japan da Jamus da Faransa da Kanada, wasu daga cikin kamfanonin sun yi ƙorafin an wuce gona da iri wajen kwafa, amma yau layin dogon irin wannan jirgi a Sin ya haura kilomita 40,000, ya fi na sauran duniya a haɗe. Ko wayar Tecno da itel da ke hannun da yawa daga cikinmu, kamfanin Transsion na Shenzhen ya ci kasuwar Afirka ne don ya lura da abin da manya suka raina: layi biyu a waya ɗaya, batir mai daɗewa saboda rashin wuta, da kyamarar da ke fitar da fuskar baƙar fata da kyau.

Yaushe suka ke zama wariya?

Yanzu mu zo kan gundarin tambayar. Ni a fahimtata sukar al'ada ba wariya ba ce a karan kanta. Da haka ne, da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zama maƙiyin mutanensa, tunda ya soki malaman zamaninsa da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da na waje. Daga wannan sukar ce aka samu Nana Asma'u da 'Yan Taru, kuma ƙungiyoyi irin tamu jikokin wannan aiki ne. Su ma Sinawa suna da nasu masu faɗa musu gaskiya. Marubucinsu Lu Xun, wanda ya rasu a 1936, ya shafe rayuwarsa yana caccakar al'adun da yake ganin sun daƙushe mutanensa, kuma har yau ana karanta shi a makarantunsu. Al'ada aikin ɗan Adam ce, tana da kyau tana da muni, ana iya auna ta.

Akwai ma masana da suka yi wannan suka da ilimi. Wani malamin shari'a a jami'ar Harvard, William Alford, ya wallafa littafi a 1995 yana bayanin cewa tarbiyyar Konfushiyas, mai girmama kwaikwayon magabata, tare da yadda hukuma ke riƙe da harkar wallafa, suna cikin abin da ya hana tunanin mallakar fasaha kafuwa da wuri a Sin. Wasu suka mayar masa da cewa ai Japan da Koriya ta Kudu da Taiwan ma sun sha daga wannan tarbiyya, ga su kuma a sahun gaba wajen ƙirƙira. Kin ga wannan muhawara ce ta hujja da hujja, ana iya gaskata mutum, ana iya ƙaryata shi.

Wariya tana farawa ne daga inda hujja ta daina aiki. Ga tambayoyi uku da za mu iya auna maganarmu da su kafin ta fita.

Ta farko, wa nake zargi? Idan kamfani kaza ne, ko doka kaza, ko gwamnati, to magana ce mai iyaka. Idan kuwa na ce "su dama haka suke", na ɗora laifin wasu a kan mutum fiye da biliyan ɗaya da miliyan 400, cikinsu har da miliyoyin Musulmi 'yan uwanmu. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama, ciki har da Suratul An'am aya ta 164, cewa ba a ɗora wa wani rai nauyin laifin wani. Ki tuna madarar 2008: jariran da suka mutu 'ya'yan Sinawa ne, iyayen da suka yi kuka Sinawa ne, kuma wani uba mai suna Zhao Lianhai da ya haɗa kan iyayen don neman haƙƙinsu ɗauri aka yanke masa a 2010. Idan na ce ha'inci a jininsu yake, na haɗa wannan bawan Allah da waɗanda suka cuci ɗansa a kwando ɗaya.

Ta biyu, me zai sa in canza ra'ayi? Mai suka ta gaskiya idan aka nuna mata gyara tana murna. Mai wariya kuwa, in sun kwafa ta ce ɓarayi ne, in sun ƙirƙira ta ce ai sata suka yi ba a dai kama su ba. Irin wannan hukunci an riga an yanke shi kafin a saurari shaida.

Ta uku, da mudun da na auna su nake auna kaina? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou su da kansu suna faɗa cewa kaya hawa-hawa ne, abin da ka biya shi za a yi maka, kuma akwai masu cewa a rage inganci a liƙa tambarin gangariya. Wa ya shigo da kayan ta ɓarauniyar hanya? Wa ya karɓi na goro ya kau da kai? Finafinanmu na Hausa nawa ne aka ɗauko labarinsu da rawarsu daga na Indiya ba tare da izini ba? Littattafan marubutanmu mata nawa ake yaɗawa a waya kyauta, mai shi ba ta samu ko kuɗin biro ba? Laifi tudu ne.

Mu kuwa mun fi kowa sanin zafin kuɗin goro. 'Yan damfara kaɗan sun sa ana yi wa duk mai fasfo ɗin Nijeriya kallon ɗan 419 a filayen jirgin sama. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, mace mai hijabi ta zama abin zargi a ƙasashe da yawa. Su ma Sinawa sun sha irin wannan, don a 1882 Amurka ta yi doka sukutum ta hana leburorinsu shiga ƙasar, ba a soke ta ba sai 1943. Kuma kalmar wariya ba ta zama garkuwar da za ta hana a faɗa musu nasu ba. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, an fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal a Guangzhou, har hukumomin Nijeriya suka kira jakadan Sin don nuna ɓacin rai. A 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto mai nauyi a kan yadda aka tsare Musulmin Uighur a yankin Xinjiang, gwamnatin Sin kuma ta musanta. Yin magana a kan waɗannan ba ƙin Sinawa ba ne, kamar yadda sukar gwamnatinmu ba ƙin 'yan Nijeriya ba ne.

Abin da ya rage gare mu

Suratul Ma'ida aya ta 8 ta gargaɗe mu kada ƙin wasu mutane ya kai mu ga barin adalci, Suratul Hujurati kuma ta hana wata al'umma yi wa wata izgili, ta ambaci mata a keɓe a wannan hani, sannan ta sanar da mu cewa an yi mu dangogi da ƙabilu ne don mu san juna. Sahabi babba irin Abu Zarri (RA), da ya gori wani mutum da uwarsa, Annabi (SAW) bai ƙyale shi ba, ya nuna masa cewa da sauran halin jahiliyya a tare da shi. Idan Abu Zarri bai tsira daga wannan gyara ba, ina ga ni da ke?

Saboda haka idan an sayar miki da jabu, ki kira shi jabu, ki mayar, ki faɗa wa 'yan uwa su guji wannan tambarin, ki kai ƙara hukumar NAFDAC in abinci ne ko magani. Idan ke ce mai sayarwa, ki gaya wa mai saye gaskiyar abin da ke hannunki, ko da cinikin zai ragu. Amma a gaban yara mu kiyaye harshe, domin yaron da ya saba jin cewa wata al'umma gaba ɗayanta macuta ce, gobe zai faɗi haka a kan maƙwabcinsa na wata ƙabila. Gara ma mu ba su labarin yadda ƙasar da ta sha yunwa mai tsanani a wajen 1960 ta dage da karatu da sana'a har ta kai ga wata, mu tambaye su, mu tambayi kanmu, me ya hana jikokin masu marinar Ƙofar Mata su koya su kuma su wuce malamansu?

Allah Ya sa mu zama masu adalci ga wanda muke so da wanda ba mu so, Ya tsare harsunanmu daga cin zarafin bayinSa, Ya sa albarka a sana'o'inmu da zuriyarmu. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.